Nisan da Muke Biya Kullum: Tarihin Fili da Hanya Tsakanin Yola da Jimeta

Duk wanda ya saba fitowa bakin titi a nan Mbamba da sanyin safiya ya san abin da zan faɗa. Ga ɗalibai rataye da jakunkuna, ga mai jego za ta kai jariri rigakafi, ga magini da cebur a kafaɗa, ga ma'aikaci yana ta duba agogo. Idon kowa na kan hanya, ana jiran Keke Napep. Wanda zai sauka cikin Yola da ɗan dama-dama. Wanda kuwa ya nufi Jimeta, ya san hawa ɗaya ba lalle ya kai shi ba, kuma abin da ya biya da safe sai ya sake biyansa da yamma.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, hirar majalisa ba ta wuce tsadar abin hawa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa dubu. Wannan kowa ya sani. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba: wa ya nisanta mu da wuraren da muke zuwa? Me ya sa gida yake nan, kasuwa take can, ofis kuma can gaba? Nisa ba daga sama yake faɗowa ba. Mutane ne suke yanke shi ranar da suka zauna rabon fili, sa'an nan 'ya'ya da jikoki su yi ta biyan kuɗinsa. Tarihin garin nan namu ya nuna haka tiryan-tiryan.

Garin da aka auna da ƙafa

Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a Gurin, ya zauna a Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841. Sunan garin ma daga kalmar Fulatanci "yolde" ya fito, wato tudu. Ai ka ga tun daga suna an fara tsari. An ɗora gari a kan tudu don ruwan Binuwai ya yi cikarsa ya janye bai shiga ɗakin kowa ba, an kuma bar fadama ga noma da kiwo da su.

Shekara goma bayan haka, a watan Yunin 1851, Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya iso Yola daga Borno a zamanin Lamido Lawal. Bai daɗe ba aka sallame shi, amma ya rubuta abin da ya gani. Ya kwatanta gari mai fili, gidaje da manyan tsakar gida, har da gonaki a tsakaninsu, tsawonsa daga gabas zuwa yamma kamar mil uku, mutanensa kuma ya ƙiyasta su wajen 12,000. Mil uku tafiyar awa guda ce ga mai ƙafa. Ke nan mutumin da yake ƙarshen gari ma zai iya zuwa fada ko masallacin Juma'a ya dawo kafin rana ta yi zafi.

A irin wannan gari ne kakanninmu fatake suka sauke kaya. Sun zo daga Kano da Katsina da Zazzau da sauran ƙasar Hausa da jakuna da takarkarai, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan koli, wasu su wuce Garwa da Ngaundare da Banyo neman hauren giwa. Waɗanda suka zauna aka ba su wuri, ga sunan Wuro Hausa nan har gobe yana shaida. Dubi yadda zango yake: masauki, rijiya, masallaci, makarantar allo, rumfar mahauci da ta maɗinki, duk a wuri guda. Ba wanda ya zana wannan a takarda. Lamido da hakimansa da masu unguwanni su ne masu ba da fili, su kuma ma'auninsu ƙafar mutum da ta jaki.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin da aljanna ne. Akwai bauta a cikinsa, akwai yaƙi, kuma kayan da mota take ɗauka yau a kan bayi da 'yan alaro ake ɗora shi. Abin da nake nunawa ɗaya ne kawai: buƙatun yau da kullum suna kusa da ƙofar gida.

Kogi ya ja gari ya rabu biyu

Abin da ya fara sauya wannan tsari jirgin ruwa ne. Tun cikin shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila da daga baya aka sani da Royal Niger Company ya fara kawo jiragensa har nan. Masarauta ba ta sakar masa fili yadda yake so ba, har ya daɗe yana ciniki daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa. A watan Satumban 1901, lokacin cikar kogi, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka hauro cikin jiragen ruwa suka ci Yola. Lamido Zubairu ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

Su Turawa abin da ya dame su shi ne inda jirgi zai tsaya. Don haka hankalinsu ya koma Jimeta, a bakin Binuwai, wajen kilomita tara daga fadar Lamido. Can aka kafa kantuna da sito-sito na kamfanoni irin su John Holt da UAC, can ofisoshin gwamnati suka tattara. Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, in ruwa ya cika, jirage su hauro daga Burutu da Warri da gishiri da atamfa da kananzir da siminti, su koma da gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro. Wasu su wuce har Garwa a ƙasar Kamaru. In ruwa ya janye, sai kuma baɗi.

Inda ciniki yake, nan Bahaushe yake. Kirga unguwannin Jimeta ka ji: Limawa, Alƙalawa, Gwadabawa, Yelwa, Ajiya. Sunayen da kansu suna gaya maka su wa suka cika su. Waɗannan ma da farko a matse suke, kusa da kasuwa da bakin ruwa, ana zirga-zirga da ƙafa, daga baya da keke. Dattawanmu suna tuna lokacin da keken Raleigh yake abin alfahari, malamin makaranta ko akawu ya hau shi daga Yola zuwa Jimeta ya dawo, ba ruwansa da gidan mai.

Sai dai Turawa sun zo da wani tunani da ba a san shi ba a da, wato raba gari gida-gida bisa aiki da matsayi. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun tanadi a ware unguwar Turawa daban, a bar filin da ba gini mai faɗin yadi 440 tsakaninta da gidajen 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Bariki daban, kantuna daban, garin talakawa daban. Bature yana da doki, daga baya ya sami mota, saboda haka nisan bai dame shi ba. Kuku da boyi da masinja su ne suka riƙa taka shi da ƙafa. Turawa sun tafi a 1960, amma tunanin nan bai bi su ba. Manyanmu suka gaji unguwannin, suka kuma gaji ra'ayin cewa gidan mutunci shi ne mai ƙaton fili, nesa da kasuwa da hayaniyar jama'a.

Ruwa ya kwanta, kwalta ta tashi

Dogo bai taɓa zuwa Yola ba. Layin da aka ja daga wajen Jos ya bi ta Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, ya bar mu a gefe. Kogi ne dogonmu, shi ma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse jiragen da suke haurowa daga bakin teku, bayan yaƙi kuma harkar ba ta sake komawa yadda take ba. Manyan motoci suka karɓe dakon. Da Kamaru ta gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, yanayin cikar kogin ma ya sauya. Yau in ka tsaya kan gadar Jimeta da rani, yashi za ka gani da kwalekwale da masu wanki, inda a da jirage suke sauke kaya.

A daidai wannan lokaci ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa ma'aikata suka yi ta sayen babura da motoci. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Gongola, aka ce Yola ce hedikwata. Dare ɗaya garin lardi ya zama babban birnin jiha. Ana buƙatar sakatariya, gidan gwamnati, gidajen ma'aikata, barikoki, makarantu.

Ba a ce ba a yi tsari ba. Kamfanin Max Lock na Ingila, wanda ya yi wa Kaduna tsari a 1967, ya yi binciken garuruwan tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas a shekarun 1970, Yola da Jimeta na ciki. Amma masu mulki da masu zane na wancan zamani, a nan da sauran jihohi, sun ɗauka mai zai dawwama da araha, kuma kowa zai yi mota. Sai aka yi ta shimfiɗa abubuwa a warwatse. Gidan gwamnati a Dougirei, gidajen manya a Karewa, rukunin gidaje a Bekaji, daga baya ga na Shagari a ɓangaren Yola. Jami'ar tarayya da aka kafa a farkon shekarun 1980, wadda yau take ɗauke da sunan Modibbo Adama, can tsallaken kogi aka kai ta, a ƙasar Girei. Kowane ɗaya in ka dube shi shi kaɗai, yana da hujjarsa. In ka haɗa su, sai ka ga an yi garin da ba ya zaunuwa sai da inji.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, mota ta gagari ma'aikaci. Nisa kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Wannan giɓi ne acaba ta shigo ta cike. Ta yi ta kai mutane lungu-lungu har zamanin Gwamna Murtala Nyako, lokacin da tashin hankalin Boko Haram ya sa aka hana ta a cikin gari, Keke Napep ya maye gurbinta. A ƙarshen 2014, da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola, wasu a sansanoni irin na Malkohi da Damare, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa. Da yawa ba su koma ba. Suka nemi fili inda yake da araha, wato bakin gari, gari ya ƙara miƙewa.

A 'yan shekarun nan an gina gadojin sama a Jimeta, an kuma gyara tituna da dama, ba mai musun sun rage cunkoso a mahaɗun da aka yi su. Amma gadar sama tana saukaka wa wanda ya riga ya hau abin hawa ne. Ba ta rage ko taku ɗaya daga nisan da ke tsakanin gidan mai jego da asibiti.

Wa yake da iko da fili?

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce a yi hukumomin tsari tun daga tarayya har ƙananan hukumomi. Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, mu da muke bakin gari mun san yadda unguwa take haihuwa. Mai gona ya rasu, magada su raba. Ɗaya ya matsu, ya kira dillali. A zo da igiya ko tef, a yanka ƙafa 50 da 100, a kafa turaku, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko jauro ya shaida. Kowane taku da aka bar wa hanya, a idon mai sayarwa kuɗi ne ya zube. Don haka sai a bar lungun da keke ɗaya zai ratsa da ƙyar. Maƙwabcin gona shi ma ya yanka tasa ta wata fuska, lungunan biyu su ƙi haɗuwa. Ba filin makaranta, ba na kasuwa, ba na ɗakin shan magani, ba inda abin hawa zai tsaya ya juya.

Bayan shekara goma gidaje sun cika, sai a fara kuka: gwamnati ta kawo mana hanya, ta kawo mana makaranta. A ina za a sa su? Sai an rusa gidan wani, a shiga rigimar diyya. Haka kuma in aka toshe hanyar ruwa da gini, damina ta zo ta yanke unguwa daga titi. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, mun kuma ga abin da ruwa ya yi wa 'yan'uwanmu na Shagari da Yolde Pate a daminar 2025. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Modibbo Adama ya san dalilin da ya sa ya hau tudu ya bar wa ruwa hanyarsa.

Abin da wasu suka yi

Akwai wani birni a ƙasar Birazil da ake kira Kuritiba. A tsakiyar shekarun 1960 mutanensa suka ga gari na neman ya fi ƙarfinsu, ga shi ba su da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai suka fara da fili. Suka zaɓi manyan hanyoyi ƙalilan, suka ce dogayen gine-gine da shaguna da ofisoshi a jikin waɗannan hanyoyi za a yi su, in aka yi nesa da su kuma gini ya riƙa raguwa. A 1974 suka ware wa bas layinsa shi kaɗai a tsakiyar titi. Da yake jama'a suna zaune a bakin layin, bas bai rasa fasinja ba, kuɗin hawa bai yi tsada ba. Legas ta kwaikwayi wani ɓangare na wannan a 2008, Darussalam ta Tanzaniya a 2016.

Darasin a fili yake. Babbar mota mai ɗaukar mutane da yawa ita ce mai araha ga kowane fasinja, amma ba ta rayuwa sai da abu biyu: hanya mai faɗi da ta miƙe, da jama'a masu yawa kusa da ita. In gidaje sun warwatsu cikin lunguna, ba abin da zai shiga sai keke mai ɗaukar mutum uku ko huɗu, su kuma ukun nan su ne za su biya kuɗin man gaba ɗaya. Wato tun ranar da aka ja igiyar awo aka yanke irin abin hawan da unguwa za ta samu, da abin da za a riƙa biya.

Saura mu

Mbamba tana kan gaɓa. Muna bakin Yola, a kan hanyar Fufore, kuma har yanzu akwai gonaki kewaye da mu da ba a yanka ba. Abin da ya wuce wa Luggere da Rumde, inda gini ya riga ya haɗe, mu bai wuce mana ba tukuna. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai mun jira Bature ya zo da taswira ba. Masu gonakin da suke maƙwabtaka za su iya zama gaban mai unguwa kafin a yanka, su yarda a kan inda babban layi zai bi ya haɗe da titi, da faɗin da mota biyu za su gifta juna har a sami wurin lambatu da na masu tafiya a ƙasa. A kai wannan yarjejeniya ga hakimi da ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta jiha, a sa mata hannu, don kada magaji ya zo gobe ya ce bai san zance ba. Mai fili ya sani cewa fulotin da yake bakin layi mai kyau ya fi tsada, abin da ya bari wa hanya zai dawo masa ta wata ƙofa.

Kamar yadda muke ware filin masallaci da maƙabarta ba tare da gardama ba, haka ya kamata mu ware na makarantar firamare da ɗakin shan magani da 'yar kasuwa da wurin tsayawar abin hawa. Mai kuɗin da yake neman sadaka mai gudana, ga ta nan. Lafiyayyen mutum yana cin kilomita guda cikin minti goma sha biyar ko ƙasa da haka. In yaro zai kai makaranta cikin wannan lokaci, uwa ta sami cefane da allurar rigakafi cikin wannan tazara, to kuɗin keke na gida ya ragu ba tare da an jira farashin mai ya sauko ba.

Sai inuwa. Kowa ya san ranar Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ba mai taka ƙafa ko tuka keke a titin da ba bishiya in yana da yadda zai yi. Dogonyaro da mangwaro a bakin layi su ma kayan sufuri ne, don su ne suke sa tafiyar ƙafa ta yiwu. Kowane gida ya dasa biyu a ƙofarsa ya kuma kare su daga awaki, cikin 'yan shekaru layin zai zama abin sha'awa. Mu kuma daina yi wa mai keken hawa kallon wanda ya gaza. Iyayenmu da shi suka yi aiki suka gina gidajen da muke ciki.

Waɗanda suka rabu da fili a 1901 ba a tambaye su ba. Waɗanda aka yi wa tsari a 1976 ma ba a tambaye su ba. Mu kuwa gonakin a hannunmu suke, dillalan 'ya'yanmu ne, masu unguwannin da su muke sallah sahu ɗaya. In an zo yanka gona ta gaba, kafin a tambayi nawa ne fuloti, wani ya daure ya tambaya: ina hanya za ta bi, ina yara za su yi karatu? Allah Ya ba shugabanninmu da mu kanmu ikon gyarawa, Ya sa mu bar wa na baya unguwar da za su yi mana addu'a saboda ita.